Daga ɗan koyo zuwa babban ma'aikacin fasaha a layin dogo: jagora ga matasan Ngaundere, Garwa da Marwa

Duk wanda ya taɓa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere da safe, lokacin da jirgin Yawunde ya iso, ya san yadda wurin ke cika da mutanenmu. Masu dako namu ne, 'yan acaɓa namu ne, dillalan albasa da gyaɗa da shanu namu ne. Direbobin manyan motocin da ke kwasar kaya zuwa Garwa, Marwa, Kusiri har Injamena, yawancinsu da Hausa ko Fillanci za ka gaisa da su. Amma taka ka zagaya bayan tasha, inda ake duba birkin taragu, ake auna layi, ka ƙirga 'ya'yanmu nawa ne a wurin. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 1974 dogo ya iso garin nan, kilomita 622 daga Yawunde, mun ci arzikin abin da yake ɗaukowa, amma ilimin da ke riƙe da shi mun bar wa wasu.

Ga kuma aiki na tafe. Akwai shirin sabunta layin Belabo zuwa Ngaundere, kimanin kilomita 330. Akwai maganar miƙa dogo daga nan zuwa Injamena, tunda Cadi ba ta da layin dogo ko taku ɗaya. Akwai ma'adinin bokzit, da ake yin alminiyom da shi, na Minim-Martap da Ngaundal, wanda ba shi da hanyar zuwa teku da ta fi dogo. Duk ranar da waɗannan suka kankama, za a nemi masu hannu da takarda. Na shafe shekaru a bakin layi, don haka bari in shimfiɗa maka hanyar, ƙanena, kamar yadda na san ta. Ke ma ƙanwata da ke nake, domin ma'auni bai san namiji ko mace ba.

Ka fara sanin kujerar da kake nema. Babban ma'aikacin fasaha, wanda takardun aiki ke kira teknisiyan superiyer, shi ne ke tsaye tsakanin injiniya da masu aikin hannu. Injiniya ya yi lissafi ya zana, ma'aikata su ɗaga ƙarfe su ɗaure, shi kuwa shi ke aunawa, ya raba aiki, ya duba abin da aka yi, sannan ya sa hannu a takarda cewa jirgi na iya wucewa. Wannan sa hannun shi ne aikin gaba ɗaya. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta kai ka ranar da za a yarda da sa hannunka.

Mataki na farko: takardu da aji

Tun ran gini ran zane. Kafin komai, duba takardar haihuwarka. Yaranmu da yawa a Arewacin Kamaru sun kai ƙofar jarrabawa an mayar da su saboda ba su da ita, ko kuma sunan da ke kanta ya saɓa da na takardar makaranta: nan Mahamadu, can Muhammadu, ranar haihuwa biyu. Idan babu ita, a je kotu a nemi hukuncin da ke maye gurbinta tun yanzu, domin abin na ɗaukar lokaci. Idan akwai saɓanin suna, a gyara tun kafin a shiga jarrabawar farko.

Sai makaranta. Hanyar da ta fi miƙewa ita ce ta makarantar fasaha: shekara 4 zuwa CAP, wato shaidar sana'a ta farko, sannan shekara 3 zuwa bakaloriya, da jarrabawar probatuwar a tsakani. Azuzuwan da suka dace da dogo su ne F1 na ƙere-ƙeren ƙarfe, F2 na lantarkin na'urori, F3 na wutar injuna, da F4 na gine-gine da hanyoyi. Wanda ya bi ajin kimiyya na C ko D bai makara ba, sai dai zai sha wahalar zanen fasaha a farko. Bayan bakaloriya, shekara 2 ke kai mutum ga BTS ko DUT, shaidun karatun fasaha na gaba da sakandare, kuma da ɗayansu ne ake kiran mutum babban ma'aikacin fasaha a takarda. Ba sai ka tafi Duwala ba: cibiyar koyar da fasaha (IUT) ta jami'ar Ngaundere da ke Dang tana koyar da kula da injuna, Marwa kuma na da babbar makarantar fasaha ta injiniyoyi. Ɗaliban Cadi da yawa suna karatu a Dang, saboda haka ɗan Mundu ko na Injamena da ke hangen dogon ƙasarsa, ƙofa a buɗe take.

Wanda ya bar makaranta da wuri ya shiga gareji ko shagon walda, kada ya ce ta wuce shi. Cibiyoyin koyon sana'a da ke ƙarƙashin ma'aikatar ayyukan yi da horon sana'a suna ba da shaidun ƙwarewar sana'a da ake kira CQP da DQP, kuma akwai dokar 2018 da ta tsara wannan horo. Hanyar ta fi tsawo, amma hannun da ya saba da sifana yana da abin da ɗan aji ba shi da shi.

Abu guda ba na sassauci a kansa: Faransanci. Dokokin tafiyar jirgi, rahoto, magana ta rediyo da tasha, duk da shi ake yi. Turanci kuma zai amfane ka wajen karanta littattafan injuna, tunda kawunan jirgi daga waje ake sayo su. Ka riƙa karanta takardar fasaha da ƙarfi, ka maimaita lambobi har bakinka ya daina tuntuɓe. Lambar kilomita guda da aka ji ba daidai ba ta rediyo na iya tura jirgi kan mutane.

Mataki na biyu: zaɓi reshe

Rassa uku ne manya. Akwai layi da gadoji da magudanan ruwa. Akwai kawunan jirgi da taragu, inda babban garejin yake a Basa cikin Duwala. Akwai sigina da sadarwa da wutar tashoshi. Mai son ƙasa da lissafin awo, wanda rana ba ta dame shi ba, ya nufi layi. Mai kunnen inji ya nufi gareji. Kan jirgin da ke jan taragunmu dizal ne ke juya janareta, wutar kuma ta juya motocin da ke ƙafafu, don haka bakanike a nan sai ya san wuta. Ni layi na fi sani, a kansa zan fi tsayawa.

Mataki na uku: neman ƙofa

Kamfanin Camrail ke riƙe da dogon Kamaru tun 1999, bayan tsohuwar hukumar gwamnati, Regifercam. Kamfanin kan ɗauki matasa horo ta hanyar jarrabawar shiga, kuma ya yi haɗin gwiwa da cibiyar koyon sana'a ta La Salle a Duwala don koyar da sana'o'in dogo. Ka riƙa bin sanarwarsu a jarida da shafukansu na intanet, ka kuma yi rajista a ofishin FNE, asusun samar da aikin yi na ƙasa, wanda ke haɗa masu nema da kamfanoni. Ƙofa ta biyu ita ce sitaj, wato horon bakin aiki da makaranta ke tura ɗalibi; nemi a tura ka bakin dogo, kada ka karɓi duk inda aka samu don kawai a cika takarda. Ta uku, wadda matasa ke rainawa, ita ce ƙananan kamfanonin da ke karɓar kwangilar gyaran layi, sauya katako da zuba tsakuwa. Da yawa cikin waɗanda suka yi nisa ta nan suka shigo.

Dosiyenka ya zauna a shirye cikin jaka tun kafin sanarwa ta fito: kwafin takardar haihuwa da na katin ɗan ƙasa, kwafin shaidun karatu da aka buga wa hatimi, takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba (wata 3 take yi ta tsufa, ka lura), takardar likita, da wasiƙar neman aiki. Kafin ka kashe kuɗin mota, je asibiti a gwada idonka da kunnenka. Akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore, su kansu ba su sani ba, alhali aikin jirgi kan ja da kore ya ginu. Gara ka sani a gida ka sauya reshe.

Kuma don Allah ku yi hattara da masu sayar da gurbi. Wani maƙwabcina ya sayar da saniya ya ba wani mutum da ya ce yana da hanya a sama. Mutumin ya karɓa, ya ba su rana, ya kashe waya. Na ga yaron zaune a ƙofar gida da fayil ɗinsa a cinya, uban ya kasa haɗa ido da shi. Duk kuɗin da ba a rubuta shi a sanarwa ba, ba a kuma ba ka rasit a kansa ba, kada ka biya.

Mataki na huɗu: yarjejeniya a rubuce

Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce yarjejeniyar koyon sana'a sai a rubuce, in ba haka ba ba ta da ƙarfi. Mu mun saba da amana ta baki, uba ya kama hannun yaro ya damƙa wa maigida, a yi fatiha. Wannan yana da kyau, a yi shi, amma a ƙara da takarda. Ta nuna tsawon koyon, abin da za a koya maka, alawus, wanda zai kula da kai, da shaidar da za a ba ka a ƙarshe. Tambayi ko an yi maka rajista a CNPS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, domin idan ƙarfe ya faɗo wa mutum a ƙafa, ranar ce ake sanin amfaninta.

Mataki na biyar: koyi tsayuwa kafin ka koyi aiki

Watannin farko ba na nuna gwaninta ba ne. Jirgin kaya mai nauyi, ko direba ya hango ka ya danne birki, sai ya yi tafiyar ɗaruruwan mita kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kauce maka. Tarago da aka saki yana gangarowa ba a jin ƙararsa. Saboda haka ba a taka layi sai an san an kare wurin: an sanar da tasha, an kafa alamu a nesa ta ɓangarorin biyu, an ajiye mai gadi wanda ba shi da wani aiki sai kallon hanya da busa ƙaho. Kafin ka sunkuya, ka san inda za ka tsallaka idan an busa. Ba a ratsawa ta ƙarƙashin tarago, ba a zama kan ƙarfe a huta, ba a sa waya a kunne. Rigar haske, hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki ba ado ba ne. Babbar riga da rawani a ajiye su sai an tashi, saboda inji ba ya sakin tufa idan ya kama. A garejin wuta kuwa, wanda zai taɓa wayar wuta shi ke kashe makunni da hannunsa, ya sa kwaɗonsa, ya jefa makullin a aljihunsa, ya gwada ya tabbatar babu wuta.

Mataki na shida: awo

A nan aikin yake, a nan kuma ake gane wanda zai yi nisa.

Maigidana na farko dattijo ne, Baba muke ce masa. Ranar farko da muka fita duba layi, da sassafe cikin hunturu, sai na ga ya durƙusa ya kwantar da kuncinsa kusa da ƙarfe yana hangen tsawonsa. Ya ce, "Zo nan ɗana, me ka gani?" Na ce ban ga komai ba, Baba. Ya ce in ƙara duba wajen haɗin ƙarfe na uku. Sai na ga ɗan lotsawa, kamar inda aka danna katifa da yatsa. Muka ƙarasa wurin, ya nuna mini tsakuwar ta yi fari-fari da busasshen taɓo, alamar duk jirgin da ya wuce yana matso laka daga ƙasa. Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa notunan ɗaya bayan ɗaya. Uku suka amsa da ƙara mai tsabta, na huɗu ya amsa a dishe. Sannan ya miƙo mini ma'auni ya ce, "Ido ba mudu ba ne, ya san kima. Amma a takarda ba a rubuta kima. Auna."

Abubuwan da za ka auna ga su. Faɗin layi: dogon Kamaru mita guda ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, milimita 1000, ana aunawa ta cikin kan ƙarfen. A kwana ƙafafun jirgi na tura ƙarfen waje, faɗin ya riƙa ƙaruwa a hankali, idan ya wuce iyaka ƙafa ta faɗa tsakiya. Sai tudun kwana: ana ɗaga ƙarfen waje sama da na ciki don jirgi ya jingina, kuma kowace kwana da nata adadin gwargwadon lanƙwasarta da gudun da aka yarda. Sai murɗewa, wadda ta fi kowanne mugunta: ka auna bambancin tsayin ƙarafan biyu a nan, ka matsa 'yan mita ka sake aunawa, idan bambancin ya sauya da yawa a ɗan taƙin nan, ƙafa ɗaya ta tarago za ta yi sauƙi, ta hau kan ƙarfe ta sauka waje. Tarago marar kaya ya fi saurin yin haka. Iyakar kowane awo tana cikin littafin dokokin kamfani. Haddace ta kamar karatun allo.

Ka kuma san halin ƙarfe da zafi. Ƙarfe mai tsawon mita 100, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana ƙara tsawo da kimanin santimita 3 da rabi. A tudun Adamawa kuwa, asuba da sanyi mai ratsa ƙashi, azahar ƙarfe ba ya taɓuwa da hannu, domin a rana ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa. Inda aka haɗa ƙarafa da faranti da noti, ana barin ɗan gibi don wannan numfashi. Inda aka yi musu walda suka zama dogon zare guda, nauyin tsakuwa da maɗaurai ne ke danne su. Shi ya sa ba a kwance maɗaurai ko a yaye tsakuwa da tsakar rana a irin wannan layi. Ƙarfen na iya bauɗewa gefe kamar maciji cikin ƙiftawar ido. Ma'aunin zafin ƙarfe ya zama abokin aljihunka.

Babban abokin gabar dogo dai ruwa ne. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwan Adamawa ba ya wasa. Tsakuwa aikinta ta raba nauyi, ta riƙe katako ko simintin da ƙarfe ke kwance a kai, ta kuma bar ruwa ya tsiyaye. Da zarar ƙasa ta cike ramukanta, ta tashi daga aiki. Kwalbati guda da ciyawa da yashi suka toshe na iya sa ruwan dare ɗaya ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layi, a wayi gari ƙarfe na reto a iska. Ɗan koyon da ke ƙyamar shiga kwalbati da tocila ba zai zama babba ba.

Duk abin da ka auna, rubuta shi nan take: rana, sa'a, lambar kilomita, zafin ƙarfe, adadin da ka samu, da wanda kuke tare. Sayi littafi mai kauri, ka sa shi cikin leda. Awo guda ba ya faɗin komai sosai. Awon wuri ɗaya na wata shida a jere shi ke nuna maka ko ciwon na tsaye ko yana ci. Ka nemi maigidanka ya riƙa sa hannu a ƙarshen kowane mako. Littafin nan zai zama shaidarka ranar jarrabawa da ranar neman ƙarin girma.

Mataki na bakwai: leƙa sauran rassa

Ko da layi ka zaɓa, roƙi a ba ka 'yan makonni a gareji da wajen sigina. Tsaya ka ga yadda ake gwajin birki kafin jirgi ya tashi: bututun iska ya ratsa taragu daga kai zuwa wutsiya, idan iskar ta ragu birki ya kama, kuma mai dubawa na bin tarago ɗaya bayan ɗaya da ƙafa yana tabbatarwa. Ga yadda ake auna cinyewar leɓen ƙafa, da yadda ake gane akwatin da ke ƙarshen sandar ƙafafun tarago idan ya yi zafi. Bi masu waldar ƙarfen dogo ka ga narkakken ƙarfe na zuba cikin gibi, bi masu na'urar da ke gano tsagar da ke ɓoye cikin ƙarfe, hau injin danƙare tsakuwa ko sau ɗaya.

Ranar 21 ga Oktoba 2016 jirgin fasinja ya kife a Eseka, tsakanin Yawunde da Duwala, mutum 79 suka rasu bisa ƙidayar hukuma, Allah ya jiƙan su. Binciken gwamnati ya ambaci gudun da ya wuce ƙima a gangare, da matsalar birki, da taragun da aka ƙara. Kowane ɗan koyo ya karanta abin da aka rubuta kan wannan rana a natse, ya tambayi kansa: da ni ne a wurin da takarda a hannu, a ina zan ce a tsaya?

Mataki na takwas: daga mai aunawa zuwa mai sa hannu

Bayan shekarun koyo za a gwada ka a rubuce da kuma a bakin aiki, galibi kuma za ka kare rahoto gaban malamai. Kada ka kwafo na wani. Ɗauki matsala guda ta gaske daga littafinka, kamar kwanar da faɗinta ke yawan buɗewa, ka nuna awon, dalilin, maganin da kuɗin da zai ci. Idan da CAP ko bakaloriya ka shigo, ci gaba da karatun yamma har ka sami BTS, domin ba tare da ita ba hannu na iya ƙwarewa amma kujera ta tsaya.

Sauran abin ba a aji ake koyonsa ba. Layinmu guda ɗaya ne, jirage sai a tasha suke kauce wa juna, don haka sa'o'in da za a ba ka ka rufe hanya ƙididdigaggu ne. Koyi tsara aiki tun daren jiya: mutum nawa, kayan aiki nawa, me za a fara, ƙarfe nawa za a mayar da layi. Koyi rubuta rahoto gajere mai lambobi, da aiki da kwamfuta. Za a ba ka mutanen da suka haife ka. Gaishe su da girmamawa, tambaye su abin da suka sani game da wurin, amma idan awo ya ce a'a, kada kunya ta sa ka ce to. Rana za ta zo da waya za ta yi ta ƙara, ana cewa jirgin kaya na jira, a buɗe hanya. Idan aikin bai kammala ba, faɗi haka da ladabi, ka ba da adadin da ka auna, ka nemi a rage gudu ko a dakata, ka rubuta sa'ar da ka faɗa da wanda ka faɗa wa.

Aikinka na farko mai yiwuwa ba a Ngaundere zai kasance ba, sai wata ƙaramar tasha cikin daji wajen Mbitom ko Ngaundal. Shirya iyalinka tun da wuri. Tafi da gidan sauro, tocila mai kyau, takalmin ruwa da maganin zazzaɓi, ka kuma daidaita lokutan salla da jadawalin aiki tare da mutanenka tun ranar farko. Kafin wanda ka gada ya tafi, roƙe shi ku taka yankin da ƙafa tare, kilomita bayan kilomita, ya nuna maka kwalbatocin da ke cika, gangaren da ke zaftarewa, da mashigin da makiyaya ke ƙetarawa da shanu. Je ka gaida jauro da ardon wurin, ka ba su lambar wayarka. Su ne za su fara ganin ruwa ya ci hanya cikin dare. Sannan ka sa a yashe magudanai duka kafin ruwan Afrilu ya sauka.